Hutu Ya Zo, A Miƙa Wa Yara Muciya

 

Sau uku a shekara makarantu sukan sallami yaranmu su dawo gida: a watan Disamba, da wajen watan Afrilu, sa'an nan dogon hutu na tsakiyar damina. A Ruwan Godiya da sauran ƙauyukan ƙasar Faskari, da Ƙanƙara, da Sabuwa, kowane uba da kowace uwa suna da tambaya ɗaya in hutu ya zo. Me yaro ɗan shekara 13 zuwa 17 zai yi a gida duk tsawon makonnin nan?

A dā amsar ba ta da wuya. Akwai gona, akwai kiwo, akwai itace, akwai talla. Amma shekarun nan sun koya mana tsoron daji da tsoron hanya. Ba wanda ya manta daren 11 ga Disamba 2020, sa'ad da 'yan bindiga suka kwashe ɗalibai fiye da 300 daga makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara. Tun daga nan iyaye da yawa sun fi so yaro ya zauna inda ido yake ganinsa. Wannan daidai ne. Amma yaron da aka tsare a gida ba aiki, zaman zai gundure shi, ya nemi hanyar fita.

Shawararmu ita ce: akwai makaranta a cikin kowane gida, watau madafa. Yaron da ya koyi juya amfanin gonarmu ya zama abinci mai kyau, ya ƙara wa ƙannensa lafiya, ya ƙara wa hatsinmu daraja, ya kuma sami sana'ar da ba mai ƙwace masa.

ME YA SA MADAFA?

Ƙasarmu ƙasar hatsi ce. Tun da aka buɗe shirin bunƙasa aikin gona na Funtuwa a 1975, da taimakon Bankin Duniya, taki da ingantaccen iri suka shigo, masara ta zama babbar shuka a wannan yanki. Daga baya waken suya ya biyo. Duk da haka tamowa ba ta bar mu ba. Ƙungiyar likitoci ta MSF ta ba da labari cewa yara 652 masu tamowa sun mutu a asibitocin da take aiki a Jihar Katsina cikin watanni shida na farkon 2025. Rashin tsaro da tsadar kaya suna da babban hannu a ciki, wannan kuwa ya fi ƙarfin uwar gida. Amma akwai abin da ke hannunmu, shi ne yadda muke haɗa abin da muka noma.

Ga yadda abin yake. Jiki yana bukatar abinci mai ba da ƙarfi, yana kuma bukatar abinci mai gina jiki. Masara da dawa da gero suna ba da ƙarfi, amma abin gina jiki a cikinsu kamar kashi 10 ne cikin 100. Wake da gyaɗa suna da kamar kashi 25. Waken suya yana da kusan kashi 40. Ƙaramin yaro cikinsa ƙarami ne. In aka cika shi da tsinkakken koko na zallar masara, zai ƙoshi amma ba zai yi girma yadda ya kamata ba. In aka haɗa hatsi da wake ko gyaɗa, abin da ɗaya ya rasa sai ɗayan ya cike.

Sau da yawa mukan sayar da waken suya duka a kaka, lokacin da ya fi araha, mu dawo muna sayen abin da bai kai shi amfani ba. Dalili kuwa sarrafa shi yana cin lokaci, uwar gida kuma aiki ya yi mata yawa. To, a lokacin hutu ga hannu ya ƙaru a gida.

KOWANE HUTU DA AIKINSA

Hutun Disamba hutun kaka ne. Masara da gyaɗa da waken suya sabbi ne, iska a bushe take, shanya tana bushewa da sauri. Lokacin koyon garin kunu ke nan, da awara, da kayan buki irin su cincin da kek.

Hutun Afrilu na bazara ne. Zafi yana lalata dafaffen abinci da wuri. A koya wa yara tsabta, da rufe abinci, da dafa daidai abin da za a cinye.

Dogon hutu yana zuwa sa'ad da rumbu ya yi ƙasa, aikin gona kuma ya yi yawa. A nan yaro zai ɗauke wa uwa girkin rana, ya koyi tattali, ya koyi miyar ganye: zogale, rama, alayyafo, yakuwa, tafasa, waɗanda damina take ba mu kusan kyauta.

Yanzu ga ayyuka uku, daga mai sauƙi zuwa mai wuya. Ma'auninmu shi ne ƙaramin gwangwanin madarar ruwa, gama kowane gida yana da shi.

AIKI NA FARI: GARIN KUNUN YARA

Abin da ake bukata: hatsi gwangwani 6 (masara, ko dawa, ko gero, ko a gauraya), waken suya gwangwani 3, gyaɗa gwangwani 1.

1. A tsince kowanne da kyau, a wanke hatsin da waken, a shanya a kan tabarma mai tsabta har su bushe sarai.
2. A soya kowanne dabam, ba mai, a wuta marar ƙarfi, ana juyawa. Waken suya sai ya yi ja-ja, ƙarninsa ya tafi.
3. A ɓarza waken, a sheƙe ɓawon. A murje gyaɗar, a fece.
4. A haɗa duka a kai inji. A tankaɗe, a bar garin ya huce, a zuba a mazubi mai murfi.

In za a dama, a kwaɓa garin da ruwan sanyi, a zuba cikin tafasasshen ruwa, a bar shi a wuta yana dahuwa ana motsawa kamar minti 10. A yi shi da kauri, ba tsararo ba. Kada a niƙa da yawa gaba ɗaya, gama man da ke cikin gyaɗa da waken yakan sa gari ya yi ɗaci in ya daɗe.

Me ya sa muka nace a kan soya waken suya? Domin ɗanyensa yana da wani abu mai hana ciki narkar da abinci. Wuta ce take kashe shi. Waken suya da bai ji wuta sosai ba yakan kawo kumburin ciki.

Kunun nan na yaron da ya kai wata 6 ne zuwa sama, tare da nonon uwa. Kafin wata 6, nono kaɗai. Kuma abinci ne, ba magani ba. Yaron da ƙafafunsa suka kumbura, ko ya rame ƙwarai, ko ya ƙi cin abinci, a kai shi asibiti a ranar, kada a tsaya dama kunu.

AIKI NA BIYU: AWARA

Kakanninmu ba su san awara ba. Asalinta daga ƙasar Sin ne, inda aka daɗe ƙwarai ana yin ta. A Nijeriya an fi sanin waken suya a ƙasar Tibi ta Binuwai, sai a shekarun 1980 cibiyar binciken aikin gona ta IITA da ke Ibadan, da wasu cibiyoyi, suka himmatu wajen koya wa mutane cinsa a gida. Ga shi yau ba kasuwar da babu mai suyar awara.

1. A tsince waken, a wanke, a jiƙa ya kwana. In lokacin zafi ne a rage, kada ya yi tsami.
2. A sake wankewa, a kai markaɗe ya yi laushi.
3. A ƙara ruwa, a tace da ƙyalle mai tsabta, a matse sosai. Farin ruwan da ya fito shi ne madarar waken.
4. A ɗora a babbar tukunya, kada a cika ta, gama kumfa takan taso ta zube. A bar ta ta tafasa sosai, kamar minti 15.
5. A riƙa zuba ruwan tsami kaɗan kaɗan, watau ruwan da ya kwana a kan gasara. In babu, ruwan tsamiya ko na lemun tsami ya yi. Za a ga madarar ta dunƙule ta taso, ruwan ya tsinke ya yi garau. Da an ga haka a tsaya.
6. A kwashe a ƙyalle, a sa gishiri da yankakken attarugu da albasa, a ɗaure, a danne da dutse mai nauyi har ruwan ya tsiyaye.
7. A yanka, a soya, ko a zuba cikin miya maimakon nama.

Yaro zai tambaya, me ya sa tsami yake dunƙule madarar? Amsar ita ce, abin gina jikin da ke narke a cikin ruwan ba ya jure tsami, sai ya haɗu ya rabu da ruwa. Haka nonon saniya yake zama kindirmo. In tsamin ya yi yawa awara za ta yi tauri da tsami, in ya yi kaɗan madara za ta bi ruwa a yi hasara. Wannan ba a koyonsa sai da yi. Tukunyar fari takan lalace. Kada a yi wa yaro faɗa. A fara da gwangwani 4 domin hasarar ta zama kaɗan. Dusar da ta rage a ƙyalle kuma ba abin zubarwa ba ce, awaki da kaji suna ƙiba da ita.

AIKI NA UKU: GASHI A TUKUNYA

Waɗansu suna tsammani gashin kek da burodi sai gidan mai lantarki ko gas. Ba haka ba ne. Matan Kano sun daɗe suna gasa gurasa a tanderu na yumɓu. Abin da ake bukata kawai shi ne rufaffen wuri mai riƙe zafi ta kowane gefe. Tukunyar ƙarfe da yashi ta isa.

A zuba busasshen yashi mai tsabta a gindin tukunya, kaurin yatsa 3. A rufe, a ɗora a wuta kamar minti 15. Yashin yana tare zafin harshen wuta, ya rarraba shi a hankali, shi ya sa ƙasan kek ba ya ƙonewa. A kan murfin kuma a zuba garwashi kaɗan domin saman ya gasu.

Ga haɗin kek mai sauƙi: fulawa gwangwani 3, garin masara mai laushi gwangwani 1, sukari gwangwani 1 da rabi, man gyaɗa gwangwani 1, ƙwai 3, madarar waken suya da aka dafa ta huce gwangwani 1 da rabi, gishiri ɗan kaɗan, da ƙaramin cokali 4 na hodar tashin ƙulli, wadda ake ce wa bekin fauda a kanti.

A tankaɗe garin da hodar tare. A kaɗa ƙwai da sukari da mai a wani kwano, a zuba madarar, sa'an nan a juye garin a gauraya. Da ya haɗu a tsaya, yawan bugu yana sa kek tauri. A shafa mai a cikin gwangwanaye da aka yanke bakinsu aka wanke, a zuba rabi rabi, a jera a kan yashin, a rufe. Kada a buɗe kafin minti 20. A soka tsinke a tsakiya, in ya fito ba ƙulli a jikinsa, ya gasu.

Me ya sa ba a yi da garin masara zalla? Domin alkama tana da wani danƙo da sauran hatsinmu ba su da shi. Hodar, da ta ji ruwa da zafi, sai ta fitar da iska. Yis na burodi shi ma haka yake yi, sai dai shi abu ne mai rai, yana cin sukari yana fitar da iskar a hankali, shi ya sa ake jiran ƙulli ya tashi. Danƙon alkama shi yake riƙe iskar nan kamar balan-balan. Saboda haka a kek ana iya sa garinmu kashi 1 cikin 4. A burodi kada ya wuce kashi 1 cikin 5, in ba haka ba zai yi nauyi ya farfashe.

Ya kamata yara su san wani abu game da fulawa. Ko da yake ana noman alkama da rani a wurare irin su Kadawa ta Jihar Kano, yawancin wadda ake niƙa fulawa daga ƙasashen waje ake sayo ta. Manya za su tuna gwamnatin Janar Babangida ta hana shigo da alkama a 1987, burodi ya yi wuya, har aka ɗage hanin a 1992. A 2022 kuma yaƙin Rasha da Yukiren, waɗanda manyan masu sayar da alkama ne, ya ta da farashinta a duniya. Don haka kek da cincin na ranar buki ne. Abincin kullum, da sana'ar da za ta dore, su tsaya a kan abin da ke rumbunmu: waina, ƙosai, alala, ɗanwake, dambu, ƙuli-ƙuli, awara.

HATSARI HUƊU

Fumfuna. Masara da gyaɗa da suka sha danshi sukan yi wata fumfuna mai dafi. Dafin yana lalata hanta, yana hana yara girma, wuta kuma ba ta kashe shi. A Kenya a 2004 mutum 125 suka mutu saboda cin irin wannan masara. A koya wa yaro ya fitar da duk ƙwayar da ta canza launi, ko ta yanƙwane, ko ƙwaro ya huda. Kada a ce a bar ta don ƙuli-ƙuli.

Maganin ƙwari. Kada a taɓa zuba abinci ko ruwa a galan ko gwangwanin da ya taɓa ɗaukar maganin feshi ko fenti, kome wankin da aka yi masa. Waken da za a ci a gida ya fi kyau a ajiye shi a buhu mai leda biyu a ciki, irin wanda ake kira PICS, wanda ke kashe ƙwari da rashin iska, ba sai an sa magani ba.

Wuta da mai. Ƙananan yara su yi nesa da kaskon suya. A ɗaure zane da mayafi da kyau. In mai ya kama wuta, a rufe da murfi, kada a watsa ruwa. In an ƙone, a riƙa zuba ruwan sanyi mai tsabta kamar minti 20. Ban da manja, ban da ƙwai, ban da toka. In ƙunar tana da faɗi, sai asibiti.

Hayaƙi da itace. Hayaƙin murhu a rufaffen ɗaki yana cutar da ido da huhu. A yi girki inda iska take wucewa. Kada a aiki yara daji neman itace don wannan koyo. Totuwar masara da kara suna ci da kyau. Murhun laka, wanda aka kewaye aka bar ƙofa ɗaya, ya fi duwatsu uku tattalin itace, yara kuwa suna iya gina shi da kansu cikin yini ɗaya.

LISSAFI, DA MAGANAR TALLA

In hannun yaro ya faɗa, maƙwabta za su fara tambaya ko na sayarwa ne. A nan a ba shi littafi da biro. A gefe ɗaya ya rubuta abin da ya kashe: wake, kuɗin inji, mai, kayan yaji, makamashi. Waken da aka ɗebo daga rumbu ma a rubuta shi a farashin kasuwa na ranar, gama ba kyauta ba ne, gumin uba ne. A ɗaya gefen ya rubuta abin da ya shigo. Mata da yawa suna sana'a shekara da shekaru, uwar kuɗi tana narkewa ba su sani ba, don ba su lissafa abin da suka ɗiba a gida. Ribar a raba uku: jari, kayan makaranta, da ɗan abin da yaro zai riƙe.

Amma a kula da abu biyu. Na ɗaya, ban da ɗora wa yarinya tire ta bi tasha ko bakin titi, balle da yamma. A sayar a ƙofar gida, ko a wurin taron ƙungiya, ko babba ya kai kasuwa. Na biyu, ranar da aka koma makaranta, yaro ya koma. Sana'ar hutu don ta sayi littafi ce, ba don ta maye gurbin littafi ba.

'YA'YA MAZA FA?

Wani zai ce girki aikin mata ne. To, wa yake gashin tsire da balangu? Wa yake shayi da ƙwai a bakin kasuwa? Su wa suke aiki a gidajen burodi na Funtuwa? Maza ne, suna kuma riƙe iyali da shi. Yaron da zai tafi karatu Zariya ko Katsina, ko neman kuɗi a Kudu, in bai iya dafa wake da shinkafa ba, kuɗinsa a hannun mai abinci zai ƙare. Ranar da uwa ta kwanta ciwo ko ta haihu, gidan da ɗa namiji ya iya tuƙa tuwo ba zai kwana da yunwa ba. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

ABIN DA ƘUNGIYA ZA TA YI

1. A taron da ke gaban hutu, a sa wannan magana cikin abin da za a tattauna.
2. Kowane ɗan ƙungiya ya ware wa gidansa waken suya da gyaɗa tun a masussuka, kafin a ɗinke buhunan sayarwa.
3. A roƙi mata biyu ko uku da suka gwanance su koya wa yara, sau ɗaya a mako, da rana, a gida ɗaya cikin gari. A haɗa da yaran maƙwabta da na waɗanda suka yi gudun hijira suka sauka a cikinmu.
4. Ƙungiya ta sayi babbar tukunya da kasko da ƙyallen tata, a riƙa ba da aro ana rubutawa.
5. A makon ƙarshe na hutu, yaran su dafa wa taron ƙungiya, kowa ya karanta lissafinsa a gaban iyaye.

Iyaye mata, ku yi haƙuri da ɓarnar farko, ku ma da haka kuka fara. Iyaye maza, in 'yarku ko ɗanku ya kawo muku awarar fari, ko ta yi tsami, ku ci ku sa albarka. Ku gwada aiki ɗaya a hutun da ke tafe, ku aiko mana da labarin yadda ya kasance, domin sauran ƙungiyoyi su ƙaru.

Allah ya ba mu zaman lafiya da damina mai albarka.